Yadda ake tantance taransifomar awon boltej a tashar wutar iska kafin layi ya yi shot

Rilen kariya ba ta ganin layi da idonta. Abin da ke isa gare ta shi ne 'yan bolt ɗin da taransifomar awo ta sauko da su, kuma da su take yanke hukunci ko ta buɗe bireka ko ta bari. Idan wuta na tafiya daidai, fes ɗaya na layin 132 kV yana ɗauke da bolt 76,200, taransifomar awo ta mayar da shi bolt 63.5, babu wata gardama. Rigimar tana cikin milisakan 20 zuwa 40 na farko bayan layi ya yi shot. A wannan ɗan tsakanin abin da taransifomar ke faɗi ba shi ne abin da ke kan layi ba, kuma a bakin tashar wutar iska tazarar ta fi ko'ina faɗi, domin injinan iska ba sa tura karan mai yawa cikin shot kamar yadda janaretan Kainji ko na Egbin ke yi.

Ga yadda ake bin lamarin, tun daga farantin bayani har zuwa karanta rikodin shot.

Mataki na 1: Ka san wace iri ce, kuma wa take ciyarwa

Iri biyu za ka tarar. Ta farko ita ce VT mai kwayil zalla, wato ƙaramar taransifoma mai ƙarfe a ciki da kwayil biyu. Ita ce a layukan tattara wuta na 33 kV da ke haɗa injinan iska. Ta biyu ita ce CVT, mai jerin kafasitoci, wadda aka fi sawa daga 132 kV zuwa sama saboda ta fi araha a can, kuma ana bi ta cikinta a aika saƙo ta kan layi. A cikin CVT akwai kafasita ta sama da ake kira C1 da ta ƙasa C2, suna raba boltej ya sauko zuwa wajen 10 zuwa 20 kV. Daga nan sai kwayil ɗin daidaitawa wanda aka auna shi ya soke tasirin kafasitocin a kan 50 Hz, sai ƙaramar taransifoma, sai da'irar da ke kashe ferorezonans, wato kaɗawar boltej da ke tasowa tsakanin kafasita da kwayil idan ƙarfen cikinsa ya ƙoshi. Duk waɗannan sassa suna ajiye kuzari, kuma kuzarin nan shi ne tushen matsalar.

Ka zagaya tashar da takarda, ka kwafe daga farantin kowace ɗaya: adadin saukarwa, ajin daidaito na kowane kwayil na biyu, lodin da aka ƙayyade mata da VA, ninkin boltej da take jurewa da tsawon lokacinsa, sannan ga CVT jimlar kafasita da ajin saurin amsawa. Sai ka bi waya ka rubuta abin da ke rataye a kowane kwayil: rilen nisa (mai auna nisan shot daga boltej da karan), rilen ƙarancin boltej da ta yawansa, mitar kuɗi, kwamfutar da ke sarrafa tashar gaba ɗaya, na'urar rikodi. Kada ka dogara da zane kaɗai. Sau da yawa an ƙara na'ura bayan an gama aiki ba a gyara zanen ba.

Abu na farko da za ka nema shi ne kariya da aka ɗaura a kan kwayil ɗin mita. Ajin 0.2 ko 0.5 alkawarinsa yana tsakanin kashi 80 zuwa 120 cikin 100 na boltej ne kawai. Ƙasa da haka ba wanda ya yi maka alkawarin komai. Ajin kariya kuwa, 3P, yana riƙe kuskurensa cikin kashi 3 da minti 120 na kusurwa tun daga kashi 5 na boltej har zuwa ninkin da aka rubuta mata, 6P kuma kashi 6 da minti 240. A kashi 2 na boltej an yarda kuskuren ya ninka biyu. Wannan yana cikin IEC 61869-3 ga mai kwayil da IEC 61869-5 ga CVT.

Mataki na 2: Ka lissafa bolt nawa zai rage wa rile

Wannan lissafin shi ake yawan tsallakewa, alhali shi ne zai gaya maka ko kana da matsala ko babu.

Injin iska mai cikakkiyar inbata ba ya ba da karan shot fiye da ninki 1.1 zuwa 1.5 na karan aikinsa, domin inbatar tana kare kanta. Mai janaretan DFIG, wanda rotansa kaɗai ke bi ta inbata, yana ba da ninki da yawa a zagayen farko, amma yana faɗuwa da sauri. Ɗauki tasha mai MVA 100 da layin 132 kV mai tsawon kilomita 40, turjiyarsa om 0.4 a kowace kilomita, jimla om 16. Shiyya ta 1 ta rilen nisa, wato yankin da take buɗewa nan take, an sa ta a kashi 80 na layin, wato om 12.8. Idan duk injinan suna aiki kuma inbata ta tsaya a ninki 1.2, karan da zai fito shi ne amfiya 525. Shot na fes uku a ƙarshen shiyyar zai bar bolt 6,720 a bakin tashar, wato 525 sau 12.8. A raba da 1,200, wato adadin saukarwar taransifomar awon, rile za ta ga bolt 5.6.

Yanzu ka sake lissafin da rubu'in injinan kawai, kamar daren da iska ta kwanta ko lokacin gyara. Karan ya koma amfiya 131, boltej ya koma 1,680, rile za ta ga bolt 1.4. Kashi 2.2 ke nan na boltej ɗin da aka saba, ƙasa da inda alkawarin 3P ya fara.

Injiniyoyi suna kiran wannan da SIR, wato turjiyar tushen wuta a kan turjiyar layi. Da zarar ya haura 4 ana ɗaukar layin a matsayin gajere ko da kilomitocinsa na da yawa. A misalin nan, idan aka auna da om 12.8 na shiyyar, SIR yana wajen 10 idan tasha ta cika, ya kai 44 idan ta yi rubu'i. Ka yi lissafin sau biyu ko uku, da mafi ƙarancin injinan da za a iya samu a haɗe. Shot zuwa ƙasa lissafinsa daban ne, domin babbar taransifomar tashar, idan nutiral ɗinta na gefen 132 kV yana da atin, tana ba da karan mai yawa ko da injin ko ɗaya ba ya juyawa. Mafi wahalar gani su ne shot tsakanin fes biyu da na fes uku.

Mataki na 3: Ka auna wutsiyar CVT da wancan adadi

Idan boltej ɗin layi ya faɗi farat ɗaya, abin da ke fitowa daga CVT ba ya faɗuwa tare da shi. Kuzarin da ke cikin kafasitoci da kwayil sai ya zube tukuna, ya bar wutsiya. Siffar wutsiyar ta danganta da inda shot ya riski igiyar boltej. Idan ya zo a ƙololuwa, kuzarin yana cikin kwayil, wutsiyar tana da tsayi amma gajeriya ce, cikin 'yan milisakan ta mutu. Idan ya zo daidai lokacin da igiyar ke ratsa sifili, kafasitocin ne a cike, sai wutsiyar ta yi ta jan jiki a gefe ɗaya har zagaye ɗaya zuwa biyu. Wannan ita ce muguwar. Shot na lalacewar insuleta ya fi faruwa kusa da ƙololuwa, amma tsawa da reshen bishiya da wayar da ta tsinke ba su da ruwa da kusurwa.

IEC ta kasa saurin amsawar CVT gida uku. Ajin T1 an yarda saura ya kai kashi 10 bayan milisakan 20. Ajin T2 kashi 25 a milisakan 10, kashi 10 a 20, kashi 2 a 40. Ajin T3 kashi 4 a milisakan 10, kashi 2 a 20. Kashi 10 na 63.5 bolt 6.35 ne. Ka ajiye shi kusa da bolt 1.4 na mataki na 2: wutsiyar ta ninka ainihin saƙon fiye da sau huɗu. Idan ta zo da kusurwar da ke rage abin da rile ke aunawa, rilen za ta ɗauka shot ya fi kusa da yadda yake, ta buɗe nan take a kan shot ɗin da ke layin maƙwabta. Tasha guda ta fita daga layi a kan laifin da ba nata ba, a daidai lokacin da babban layin ƙasa ya fi buƙatarta.

Abubuwa huɗu ke rage wutsiya. Kafasita mai yawa ta fi mai kaɗan, don haka idan ana sayen sabuwa a nemi mai babbar kafasita. Boltej na tsakiya, wanda C1 da C2 ke sauko da shi, mai yawa ya fi. Da'irar kashe ferorezonans wadda ta ƙunshi kafasita da kwayil da ke aiki kullum tana ƙara wutsiya, domin ita ma rumbun kuzari ce. Wadda ke zaune shiru sai boltej ya wuce kima sannan ta shigo da rizista ta fi dacewa da layin da ke da SIR mai yawa. Na huɗu lodi: mai yawa yana tsawaita wutsiya, musamman idan kwayil ne, kamar ƙananan taransifomomin taimako da ake sawa a cikin fanel. A cire su idan ba dole ba.

Akwai kuma batun firikwensi. An daidaita CVT a kan 50 Hz, alkawarin ajin kariya yana tsakanin kashi 96 zuwa 102, wato 48 zuwa 51 Hz, na mita kuma 49.5 zuwa 50.5 Hz kacal. A babban layin Najeriya, inda firikwensi ke yawo ya wuce wannan, kuskuren kusurwa na CVT abu ne na yau da gobe. Sannan injin DFIG, idan kariyar rotansa ta shiga, karan da yake turawa yana bin gudun rotan ne, wanda zai iya zama ko'ina tsakanin 35 zuwa 65 Hz. Idan shot ya yi kusa, ɗan boltej ɗin da ya rage a basba daga wannan karan yake fitowa, CVT kuma ba a yi ta don shi ba.

Mataki na 4: Ka gyara saitin kariya

Idan lissafi ya nuna abin da zai rage bai kai wutsiyar ba, ga abin yi bisa fifiko.

Babbar kariyar layin ta zama rilen bambancin karan, mai kwatanta abin da ya shiga wannan baki da abin da ya fita ɗaya bakin ta zaren fayiba. Ba ta buƙatar boltej ko kaɗan, don haka wutsiyar CVT ba ta shafe ta ba. A ganina duk layin da ke fitar da wutar tashar iska ya cancanci wannan, biyu ma idan da hali, rilen nisa ta koma ta baya.

Rilen nisa ta gefen tashar iska kuma, a kunna mata dabarar gano wutsiyar CVT idan tana da ita. Yawancin na zamani suna da, suna lura da SIR su riƙe shiyya ta 1 na ɗan lokaci. Idan babu, a sa wa shiyya ta 1 jinkirin milisakan 20 zuwa 30, ko a rage tsawonta. Idan SIR ya yi yawa ƙwarai, rage tsawo ba ya magani, gara a kashe shiyya ta 1 a wannan bakin gaba ɗaya, a bar baki mai ƙarfi ya gano shot ya aiko da umarnin buɗewa. Kafin ka ƙara jinkiri ka haɗa shi da lokacin bireka, ka ga ko jimlar tana cikin lokacin da dokar layi ta ce injinan su jure. A dokar Tarayyar Turai ta 2016 wannan lokacin yana wajen milisakan 140 zuwa 150, ana iya tsawaita shi zuwa 250.

Rilen ƙarancin boltej da ta yawan boltej kada a bar su ba jinkiri. Lokacin da aka share shot boltej ya dawo, CVT kan yi tsalle ta wuce kima na ɗan lokaci, rile mai buɗewa nan take za ta kama wannan tsallen. Saitinsu ya kasance a wajen zanen jurewa na dokar layi, da ɗan sarari.

Sai abin da ke ruɗa mutane da yawa, wato dabarar gano yankewar fiyus. Rile tana cewa fiyus ɗin VT ya yanke idan ta ga boltej ya karkace tsakanin fes uku amma karan bai karkace ba, sai ta kulle rilen nisa. To inbatoci da yawa an tsara su su riƙa tura karan daidai wa daida a fes uku ko da layi ya karkace. Ke nan shot na gaske tsakanin fes biyu yana iya yi wa rile kama da yankewar fiyus, ta kulle kanta a lokacin da ake nemanta. Maganinsa: a sa ƙaramar bireka mai ƙarin baki a madadin fiyus, bakin ya gaya wa rile kai tsaye, a haɗa da sharaɗin canjin karan kwatsam, a nemi masu injin su faɗi a rubuce yadda inbatarsu ke yi a shot mai karkata. Dokoki na baya-bayan nan, irin su IEEE 2800 ta 2022, sun wajabta wa inbata ta ba da karan karkata, amma injinan da aka kafa kafin nan suna nan suna aiki.

Mataki na 5: Gefen 33 kV, inda VT ke ƙonewa

A nan matsalar ba wutsiya ba ce. VT mai kwayil tana bin faɗuwar boltej da sauri. Abin da ke kashe ta shi ne ƙarfen cikinta ya ƙoshi.

Taransifomomin da ke gindin injinan iska galibi delta ne a gefen 33 kV, ba su da nutiral. Atin ɗin layukan tattarawa yana can tashar, a nutiral ɗin babbar taransifoma ko a taransifomar atin da ke kan basba. Idan fes ɗaya na fida, wato ɗaya daga layukan tattarawar, ya taɓa ƙasa, birekar fidar ta buɗe, fidar ta rabu da atin ke nan, alhali injinan da ke kanta suna ci gaba da tura wuta na wasu zagaye. Fes biyu masu lafiya sai su tashi zuwa ninki 1.73, wani lokaci fiye, saboda wutar da ta rasa mafita. Duk VT da ke gefen fidar za ta sha wannan.

Don haka ka duba ninkin da ke farantin. 1.2 na dindindin kowa na da shi. 1.5 na sakan 30 na layi ne mai atin kai tsaye. 1.9 na sakan 30 na layin da atin ɗinsa ya bi ta rizista kuma kariya ke share shot. 1.9 na awa 8 na layin da ba shi da atin ko wanda ake barin shot a kansa. VT mai 1.5 a kan fidar injin iska kuskure ne, a canza ta. Tushen gyaran kuma shi ne a sa wa kowace fida taransifomar atin tata, ko bireka mai haɗa fidar da ƙasa da zarar ta buɗe, ko a aika wa injinan umarnin tsayawa tare da buɗewar birekar.

Idan ƙarfe ya ƙoshi, kwayil ɗin VT yana iya shiga kaɗawa da kafasitar layi, shi ne ferorezonans. Alamominsa sanannu ne: fiyus ɗin gefen sama yana ta yankewa ba dalili, VT na gurnani, ƙararrawar shot zuwa ƙasa na kaɗawa ba a ga shot ba, rikodi ya nuna igiya mai 25 Hz ko 16.7 Hz, daga ƙarshe jikin VT ya tsage. Ya fi kamawa idan kafasitar kaɗan ce, kamar a kunna basba tsirara ba fida ko ɗaya kuma taransifomar atin ba ta ciki. A rubuta a tsarin kunnawa cewa atin ke fara shiga. A gefen babban boltej kuma, VT mai kwayil da ke kan guntun basba tana iya kamuwa ta kafasitocin da ke gicciye a bakin bireka ko da birekar a buɗe take.

Ana kashe shi da rizista a bakin buɗaɗɗiyar delta. Kwayil na uku na kowace VT, mai bolt 110/3, ana jera su uku a bar baki ɗaya. Lafiya lau bakin yana nuna kusan sifili, a cikakken shot zuwa ƙasa ya nuna bolt 110, a ninki 1.9 kuma wajen 121. Ka duba karan da kwayil ɗin ke jurewa. Idan amfiya 4 ne na awa 8, rizistar ita ce 121 a raba da 4, wajen om 30, zafin da za ta ci kuma kusan wat 490. Ƙarama da haka za ta ƙona VT, babba ƙwarai ba za ta kashe kaɗawar ba. A ɗaura ta inda iska ke ratsawa, nesa da wayoyi, kuma kada a sa mata fiyus ɗin da zai yanke ba wanda ya sani.

Wani zafin kuma daga kebul yake zuwa. Idan aka buɗe fida, cajin da ya maƙale a kebul ta cikin VT mai kwayil yake zubewa. Kebul mai mikrofarad 0.25 a kilomita, tsawon kilomita 30, yana riƙe da wajen jul 2,700 a kowane fes idan an yanke shi a ƙololuwa. Sau ɗaya ba komai, amma a ranar gwaji da ake ta buɗewa da rufewa zafin taruwa yake. A tambayi masu ƙera ta sau nawa take jurewa a awa. CVT kuwa ba ta zubar da cajin, layin yana nan da shi.

Mataki na 6: Wayoyin da ke tsakanin VT da fanel

Tagulla mai 2.5 mm² tana da om 7.4 a kilomita. Nisan mita 300, zuwa da dawowa mita 600, om 4.4 ne. Lodin VA 10 a fes ɗaya yana jan amfiya 0.16, ya zubar da bolt 0.7 a hanya, fiye da kashi 1. An sayi ajin 0.2 an zubar da shi a rami. Da 6 mm² asarar ta sauko ƙasa da rabin kashi 1.

Wannan turjiyar ita ke kuma hana ƙaramar bireka buɗewa. Shot a ƙarshen wayar ba zai ja fiye da amfiya 14 ba. Bireka mai amfiya 6 ta ajin C tana buƙatar 30 zuwa 60 kafin ta buɗe nan take, don haka za ta tsaya tana ɗumi yayin da duk rilen da ke kan kwayil ɗin ke ganin boltej ya faɗi. Mai amfiya 2 ta ajin B tana buɗewa a 6 zuwa 10.

Nutiral na gefen ƙasa, wato gefen kwayil na biyu, a yi masa atin a wuri ɗaya tak. Idan an yi a filin tasha an sake yi a fanel, ranar da shot zuwa ƙasa ya tura dubban amfiya cikin ragar atin, bambancin da ke tsakanin wuraren biyu zai hau kan abin da ake aunawa. Bolt biyu ko uku ba a ganinsu a kan 63.5, amma a kan 1.4 su ne labarin. Gwajinsa mai sauƙi ne: layi a kashe, a cire atin ɗin da aka sani, a auna da mega, na'urar gwada insuleta. Idan har yanzu akwai hanya zuwa ƙasa, akwai na biyu a ɓoye.

Mataki na 7: Gwaji a fili

Kafin a taɓa komai: a kashe, a yi atin, a zubar da cajin kafasitocin CVT. A zare fiyus ko a buɗe birekar gefen ƙasa kafin a tura wutar gwaji cikin fanel, domin bolt 63.5 da ya koma baya ta cikin VT ta 33 kV yana fitowa bolt 19,000 a sama. Kuma VT kishiyar CT ce, wato taransifomar awon karan: ita VT ba a haɗe bakinta.

A auna adadin saukarwa da alkiblar kwayil, a auna kafasitar C1 da C2 da asararsu a kwatanta da takardar masana'anta. Idan C1 jerin ɗiya 100 ce, wato ƙananan kafasitoci 100, ɗaya ta yi shot, kafasitar za ta ƙaru da wajen kashi 1, boltej ɗin da ke fitowa ma ya ƙaru da kashi 1. Idan a C2 ne, boltej faɗuwa zai yi, kuma da yawa, domin ɗiyanta kaɗan ne. Wannan ya sa kwatanta fes uku a kwamfutar tasha kowane wata ya zama gwaji mafi araha: fes ɗin da ya yi tsalle ya zauna a sabon wuri, CVT ɗinsa ta fara mutuwa, kuma sauran ɗiyan suna ɗaukar ƙarin nauyi. A duba tankin ƙasa da kyamarar zafi, a duba mai. Bakin aika saƙo, idan ba a amfani da shi, dole ya kasance a haɗe da ƙasa.

A nemi takardar gwajin ferorezonans ta masana'anta. Ana haɗe bakin CVT na ɗan lokaci a sake shi. Kaɗawar ta mutu cikin rabin sakan a ninki 0.8 zuwa 1.2, cikin sakan 2 a ninki 1.5 ko 1.9.

Sannan gwajin da ya fi duka: a gina tashar a manhajar kwaikwayo irin PSCAD ko EMTP, da ainihin samfurin inbata daga masu injin da samfurin CVT mai dukkan sassanta. A jefa shot a ƙarshen shiyya ta 1 da ɗan gaba da ita, a kusurwar sifili da ta ƙololuwa, da injina kaɗan da kuma duka. A fitar da igiyoyin a fayil ɗin COMTRADE a kunna wa ainihin rilen ta na'urar gwaji. Gwajin da ake yi da tsabtatacciyar igiyar 50 Hz ba ya nuna ko ɗaya daga cikin matsalolin nan.

Mataki na 8: Karanta rikodi bayan shot

Kowane injin yana yanke shawarar shiga yanayin jurewa, wato ya zauna a haɗe da layi har shot ya wuce, da boltej ɗin bakinsa, galibi 690 V, wanda yake aunawa kai tsaye. Amma hukumar layi a mahaɗar tasha da babban layi take auna ko an bi doka, ta CVT. Dokar Jamus, misali, tana so karan tallafin boltej ya taso cikin milisakan 30, lokacin da wutsiyar ba ta gama mutuwa ba. Don haka a tattara rikodi uku a kan agogon GPS ɗaya: na CVT, na VT ɗin 33 kV, da na injin ɗaya ko biyu.

A buɗe ainihin igiyar, ba matsakaicinta ba. Lissafin matsakaicin, wato RMS, yana cin zagaye guda, don haka ko da VT marar aibi faɗuwar za ta fito a gangare na milisakan 20. Idan karan ya canza farat ɗaya, VT ɗin 33 kV ta faɗi tare da shi, amma CVT ta yi ta zamewa a gefe ɗaya na sifili, wutsiya ce. Idan bayan an share shot igiya mai 16.7 Hz ta bayyana a fes ɗaya kawai kuma babu alamarta a karan layi, a cikin CVT take. Idan saman igiyar 33 kV ya baje, ƙarfe ne ya ƙoshi. Kada a karɓi awon hamonik, wato igiyoyin da firikwensinsu ya ninka 50 Hz, daga CVT, domin tana da nata wuraren kaɗawa a 'yan ɗaruruwan Hz, tana kumbura wani ta danne wani. Wannan aikin na mai raba boltej ne na rizista da kafasita.

A duba kuma ma'aunin da ke ƙirga faɗuwar boltej a cikin injinan. A ranar 28 ga Satumba 2016, a jihar Ostireliya ta Kudu, boltej ya faɗi sau shida cikin minti biyu sakamakon guguwa, tashoshin iska tara suka janye MW 456, takwas daga cikinsu saboda saitin da ke iyakance sau nawa injin zai jure, layin Heywood mai haɗa jihar da jihar Victoria ya yi nauyi ya buɗe, jihar duka ta shiga duhu. Ba taransifomar awo ce ta jawo wannan ba, amma ya nuna abin da ƙirga ɗaya ke iya yi. Idan awon da ke isa ga kwamfutar tasha yana kaɗawa a kusa da kashi 90 ko 85, inda ake shiga yanayin jurewa, shot ɗaya zai iya shiga lissafi sau biyu ko uku. A sa tazara tsakanin matakin shiga da na fita, a sa kwamfutar tasha ta daskare umarninta tun daga faɗuwar boltej har sai ya dawo ya zauna, sannan a sake kunna rikodin shot ɗin a na'urar gwaji a ga ko ƙirgar ta tsaya a ɗaya.